Saniyar da Ke Kashi a Buhu

Ranar da Simeon, ƙanin mijina, ya hau tsani ya leƙa rumbun gidanmu, tun bai sauko ba na san da magana a bakinsa. Shi mutum ne da in zai faɗi abin da ba shi da daɗi sai ya fara da kakkaɓe wando. Ya sauko, ya kakkaɓe gwiwar dama, ya kakkaɓe ta hagu, sannan ya dubi yayansa.

"Yaya Ilisha, noman bana ke nan? Ga hannun Baba can a fili, masarar ko kusa da shi ba ta kai ba."

Hannun da yake nufi shatin tafin hannu ne a bangon rumbun ta ciki, ya wuce tsakiya amma bai kai wuya ba. Surukina, marigayi Baba Tanko, shi ya danna shi a ɗanyen laka lokacin da yake ginin. Ban taɓa tambayar dalili ba, na ɗauka wasan magina ne. Shekara da shekaru ba mai ganin hannun nan da kaka, domin masara kan binne shi ta haura har baki. Bara ya fara leƙowa, bana kuwa ga shi nan zahiri.

Mijina yana zaune a kan kututture yana gyaran ƙotar fartanyar da babu abin da ya same ta.

"Shekara biyu ke nan ina yanko albashina ina sayen taki," in ji Simeon. Malamin firamare ne a Ikara, da 'ya'ya biyar. "Ba ƙin gonar nake ba, amma ba zan ci gaba da ciyar da ƙasa 'ya'yana suna kallo ba. Alhaji Auwal na Kudan yana sayen gonaki a yankin nan, ya riga ya sayi ta gidan su Bilya. Ya ga tamu, ya yaba da fadamar. Mu sayar mu raba, kowa ya kama sana'a."

Gonar ta gado ce, tasu su biyu, ba a taɓa raba ta ba. Ni Martina bisa ƙa'ida ba ni da ko taku ɗaya a cikinta. Amma shekara ashirin da bakwai ke nan da aka kawo ni gidan nan daga ƙasar Kachiya, kuma babu kusurwar gonar da gumina bai ɗiga ba. A gindin ɗorawar da ke tsakiyarta na shayar da 'ya'ya huɗu. Na jefar da tsintsiyar da ke hannuna.

"Wace sana'a? Yayanka mai shekara sittin ne zai hau acaɓa?"

"Matar Yaya, ba da ke nake ba."

"Ai da ni kake, tunda tuwon gidan nan ni ke tuƙa shi. Ka ba mu damina ɗaya. Kada ka turo ko sisi. In ka dawo kaka mai zuwa ba ka tarar da rumbun nan cike har baki ba, ka kawo Alhajin naka, ni da kaina zan shimfiɗa masa tabarma."

Simeon ya yi dariya. "Da me za ki cika shi? Da baki?"

"Da baki na cika rumbu," in ji Ilisha, ko ɗagowa bai yi ba, "ai da tuni mun gina na biyu."

Suka yi dariyarsu ta 'yan gida ɗaya. Amma da Simeon zai hau babur sai ya juyo ya ce, "Har baki fa. Ke kika faɗa." Na ce na faɗa. Sai da ƙarar babur ɗin ta ɓace a hanyar Nasarawan Doya sannan na yarda a raina cewa gaskiya ban san da me zan cika shi ba.

Bari in faɗi yadda muka kai nan, don kada a ce ragwanci ne. A zamanin Baba Tanko dawa ake nomawa a gonar, takinta kuma shanu ne. Da an gama girbi, Fulanin gidan su Lado sukan zo su kafa turaku a gonar su ɗaure shanu su kwana. Bayan kwana uku a tuge turakun a matsa gaba, haka har rani ya ƙare an zagaye gonar kakaf. Shanu su ci kara da harawa, su bi burtali, wato hanyarsu ta gefen fadama, su gangara rafi su sha ruwa, su dawo su biya da kashi. Da kaka kuma dami goma sha biyu na farko na Fulani ne, a kai musu har ruga kafin a jefa ko zangarniya ɗaya a rumbu. Uban Lado da Baba Tanko a kan haka suka rayu har suka koma ga Allah.

Sai takin gwamnati ya zo da araha. Gwamnati ta biya rabi, ka biya rabi. Akwai ma shekarun da saƙo ke shigowa waya, ka je ka nuna ka ɗauko buhunka. Buhun masara ɗaya ya sayi buhun taki biyu har da canjin cefane. Kowa ya watsar da dawa ya rungumi masara, mai cin taki kamar ba gobe. Muka yi rufin kwano, muka sayi babur, babbar 'yarmu Serah ta yi karatu har Zariya. Ba zan yi butulci ba, mun ji daɗi. To daɗin ne ya hau wa mijina kai. Kara da harawar da ake bar wa shanu, ya ga masu kiwo a gari suna saye, ya fara ɗaurewa yana sayarwa. Burtali kuma ya ga ƙasa mai laima tana kwance a banza, ya sare shingen bini-da-zugun da ya kare shi, ya dasa rake a kai. Da kaka ta yi Lado ya zo da turakunsa a bayan jaki kamar yadda ya saba, Ilisha ya tare shi a bakin gona, a gaban mutane.

"Mayar da turakunka, Lado. Na samu saniyar da ta fi naka. Gwamnati ce saniyata yanzu, a buhu take yi mini kashi, ba wari ba ƙuda."

Mutane suka bushe da dariya, har da ni, ba zan ɓoye ba. Lado ya juya jakinsa, kafin wata daminar sun tashi da rugarsu sun koma wajen Dandamisa.

To, saniyar Ilisha ta tsufa. Aka ce tallafi ya ragu, aka ce 'yan siyasa ke rabawa, aka ce an janye shi. Mu dai abin da muka sani, mun wayi gari sai ka kai buhun masara biyu kasuwar Makarfi kafin ka ɗauko buhun taki ɗaya, ga kuɗin mota ya ninka. Ƙasar kuma ta riga ta saba, ta zama kamar wanda ya saba da sukari a koko, in babu ba ya sha. In ba ka zuba ba masara ta tsaya iya gwiwa ta yi rawaya, wuta-wuta ta rufe ta da jan fure. Samarin gidaje suka watse, wasu Abuja wasu Legas. Masu kuɗi kuwa suka fara yawo a ƙauyuka suna tambayar iyakokin gonaki, ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na fara da abin da ke hannuna. Masu sayen kara suka zo da a-kori-kura kamar kullum, na ce bana ba na sayarwa ba ne. Ilisha ya ce da me za a yi Kirsimeti, na ce da tsofaffin zannuwa, Ubangiji ya riga ya san su. Na tara toka, na share garken awaki, na kwashe jujin bayan gida da kwando. Duka-duka ko inuwar ɗorawar bai rufe ba. Na je neman kashin kaji, wanda a da ake roƙonka ka zo ka kwashe, na tarar an ɗure shi a buhu an sa masa kuɗi, har da layi. Duniya ke nan! Na dawo na zauna a bakin gona ina kallon karan da na hana sayarwa, ina tunanin abin da nake ta kauce wa tunaninsa tun ranar da Simeon ya tafi.

Wata Litinin na ce wa Ilisha zan je unguwa. Na ƙulla kanwa da goro, na hau acaɓa zuwa Dandamisa, na yi ta tambaya har aka nuna mini rugar.

Lado ya tsufa, gemu fari fat. Na same shi a gindin marke yana tufkar igiya. Na durƙusa.

"Baffa, barka da hantsi. Mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau. Yaya hanya? Yaya mutan gida?"

"Kowa lafiya. Yaya iyali, yaya dabbobi?"

"Da godiya. Yaya ƙarshen kaka?"

"Mun gode Allah."

Ya ƙura mini ido. "Matar Ilisha ce ko? Yaya saniyar taku? Tana nan tana yi a buhu?"

Shekara goma sha biyar, bai manta ko kalma ɗaya ba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, amma dama ba jin daɗi ya kawo ni ba.

"Ta ƙafe, Baffa. Abin da ya kawo ni ke nan. Na zo ba da haƙuri."

"Shi ya aiko ki?"

Na tura ƙullin goron gabansa.

"Na sani," ya ce. Ya nuna mini wani tarin buhuna da haɓarsa. "Kin ga waɗancan? Kashin shanu ne. Mutanen Kudan ke zuwa da mota suna saye, har rige-rige suke yi. Nawa shanun ma sun koyi yi a buhu."

"To Baffa, me za mu ba ka wanda ba su ba ka ba?"

Ya ɗauki goro ɗaya ya ɓare, ya daɗe yana taunawa. "Haƙurin da kika kawo na karɓa. Amma shanu ba sa cin haƙuri, ba sa shan kuɗi. Nan da wata biyu rafin nan namu zai ƙafe, sai mun yi tafiyar rabin yini kafin su sha. Naku ba ya ƙafewa. Ta ina za su gangara? Fiffike za su yi? A mayar da burtali inda ubana da surukinki suka bar shi, kuma a bar shi ke nan, ba na rani ɗaya ba. Sai dami goma sha biyu da kaka, kafin a zuba a rumbu. In an yi haka kafin sabon wata, ki aiko. In wata ya tsaya ban ji ba, mun yi kudu."

Sai da Ilisha ya ci tuwo ya sha ruwa na gaya masa. Raken da ke kan burtalin layi takwas ne, mafi kyau a fadamar, kuma shi kaɗai ya rage yana kawo mana kuɗi. Saura wata biyu ya nuna, daidai lokacin da yake tsada a Makarfi.

"Kin je kin durƙusa wa Lado da sunana?"

"Da gwiwata na durƙusa, Baban Serah, ba da taka ba."

"Raken da bai nuna ba? In na sare shi yanzu ruwa ne zalla, ko masu mazarƙwaila ba za su kalle shi ba."

"To bar shi. Baɗi Alhaji Auwal ya sha zaƙinsa."

Ya tashi ya fita. Kwana huɗu ba ya yi mini magana sai ta bakin ƙofa: ya ce wa ƙofa ruwan wanka, ya ce wa ƙofa gishiri ya yi yawa. Na san ba raken ne kawai ke cinsa ba. Mutumin da ya yi dariya a gaban jama'a ba ya son jama'ar nan su ga ranar da dariyar ta dawo masa. Na tausaya masa, Allah ya sani, amma wata yana ta ƙanƙancewa a sama.

Rana ta biyar da sassafe na ɗauki addarsa na gangara fadama. Ban taɓa saran rake ba, aikin maza ne a wurinmu. Ganyen ya yi ta yankar hannuwana, raɓa ta jiƙa ni sharkaf. Maƙwabcinmu Ɗan'azumi, wanda gonarsa ke jikin tamu, ya tsaya da buta a hannu yana kallona.

"Maman Serah, lafiya? Ko ɓarawon rake ai yakan jira ya nuna."

Ban kula shi ba. Na sari wajen sanda ashirin, ina sara ina hawaye, na haushi da na tsoro, domin in abin nan bai yi ba na kashe mana rake na kuma rasa gona. Sai na ji tsayuwar mutum a bayana. Na san tarinsa.

"Wa ya koya miki saran rake a gwiwa?" in ji Ilisha. "Kututturen da kike bari ai sai ya huda ƙafar saniya."

Ya karɓe addar. Bai fara sara ba, sai ya kutsa cikin raken yana tona ƙasa da dunduniya, har ya tono wani ruɓaɓɓen kututturen bini-da-zugu. Ya yi gaba ya tono wani, ya tsallaka ɗaya gefen ya tono na uku.

"Daga nan zuwa nan ne. Kin ci taku biyu cikin gonata, kin bar taku uku na burtali."

Ashe duk shekarun nan ya san iyakar daidai, kamar yadda mutum ya san inda haƙorinsa ke ciwo. Ya sunkuya ya fara sara daga tushe. Can sai ga Ɗan'azumi ya ajiye buta ya dawo da tasa addar, yana cewa in shanun sun gama da tamu a tuna da maƙwabci, shi ma tasa saniyar ta ƙafe. Kwana uku suka yi suna sara suna tone saiwa. Ranar da wata ya tsaya na riga na aika.

Shanu sittin da 'yan kai suka shigo gonar da yamma, ƙura na tashi, matan unguwa suka fito kallo. Ganyen raken da aka sare shi suka fara cinyewa. Washegari na tsaya na ga sun bi burtali sun gangara rafi, babbar saniyar na gaba ba tare da an nuna mata ba. Amma tsofaffin nan biyu, Ilisha da Lado, ko gaisuwa. Ni na zama waya a tsakaninsu. "Ki gaya masa turakun gabas sun yi kusa da rijiya." "Ki gaya masa tun kafin a haƙa rijiyar muke kafawa a nan." Suna tsaye taku biyar tsakani. Ni ma na yi nawa faɗan da Lado a kan jigawar da ke saman gonar, inda ƙasa ta zama yashi: na ce nan sai kwana biyar, ba uku ba. Ya ce bai taɓa ganin mace mai lissafa kashin shanu ba. Na ce yau ya gani.

Sai da aka yi wajen wata guda, wata yamma na ga Ilisha yana jan tsohon komin itacen da nake zuba wa agwagi ruwa. Ya wanke shi, ya ja shi har gindin ɗorawa, ya zuba kanwa ya cika da ruwa. Lado ya zo ya tsaya a kansa, ya shafa bakin komin inda harshen shanu ya sulɓe shi tun zamanin da.

"Komin Tanko."

"Shi ne."

Iyakar abin da suka ce ke nan. Amma suka zauna a kan saiwar ɗorawar har rana ta faɗi, kuma daga ranar na huta da aiken baki. Kafin rani ya ƙare Lado ya dawo da rugarsa ƙetaren rafinmu.

Da ruwa ya sauka ba mu shuka masara ba. Na je har Janfalan wurin wata tsohuwa, Talatu, wadda ba ta taɓa barin irin dawa ƙaura ba, ta auna mini tana yi mini tsiya wai mun ci na bature mun ƙoshi mun dawo. Muka shuka dawa, muka sa wake a tsakani. Masu wucewa suka sa wa gonar suna gonar kashi, na ce na ji, sunan ma ya fi gonar Alhaji. Wuta-wuta ta fito, ba kamar da ba amma ta fito, na roƙi matan zumunta na coci muka bi ta muna tugewa kafin ta yi fure. A watan Agusta, bayan dawa ta wuce kan mutum, sai ga sanarwa wai an kawo takin agaji. Muka yini a rana, aka zazzage buhu aka raba da mudu, rabonmu mudu biyu. Na kawo na zuba wa barkonon bayan gida.

Dawa ta yi. Ba irin yin da ake ba da labari ba, jigawar sama ta ba da rabin abin da na so, amma ta yi: kara kamar damtse, zangarniya ta sunkuya. Muka girbe, muka ɗaure, muka jera a tsakar gida. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Na dubi damin, na dubi rumbu, na sake duba. In aka zuba duka, zai kai baki da ƙyar. In aka cire goma sha biyu na Lado, zai rage kamu ɗaya. Simeon kuma ya aiko ranar Asabar yana tafe.

Ranar Juma'a na sami Ilisha yana ware manya-manyan dami yana jingina su a bakin ƙofa.

"Baban Serah, tsaya. Mu zuba duka. Simeon ya hau ya gani ya tafi, Lahadi bayan sujada mu fitar da na Lado mu kai masa. Kwana ɗaya ne. Wa zai sani?"

"Ni zan sani."

"A kan dami goma sha biyu za mu rasa gona?"

Ya ajiye wanda ke hannunsa. "Maman Serah, ke kika durƙusa kika ɗauko alkawarin nan. Kafin a zuba a rumbu, haka kika gaya mini. A kansa na sare rakena. Sau ɗaya na ci amanar mutumin nan, shekara goma sha biyar ina zagaye wurin da na san zan gan shi. In gonar za ta tafi, ta tafi da hannuna a wanke."

Na yi masa faɗa, na yi kuka, na kira shi da taurin kai. Ya ci gaba da warewa. Gaskiyar ita ce kunya ce ta ishe ni. Ni na taso shi daga kan kututture, ga shi ya wuce ni ya bar ni a baya da dabarar ɓarayi. Na share fuska na kama masa muka zuba sauran a rumbu. Ya rage kamu ɗaya, kamar yadda na gani.

Simeon ya iso da hantsi. Bayan gaisuwa ya dubi damin da ke bakin ƙofa.

"Waɗannan fa?"

"Na Lado ne," in ji Ilisha.

Simeon ya dube su, ya dubi rumbu. Ya hau tsani. Ya daɗe a sama fiye da yadda leƙe ke buƙata. Na ga ya zura hannu har kafaɗa yana ture zangarniya, yana shafa bango, ya koma ɗaya gefen ya sake shafawa. Ya sauko. Ƙaiƙayi ya ɓata masa wando har gwiwa, amma bai kakkaɓe ba.

"Bai kai baki ba."

"Bai kai ba," na ce. "Ni na faɗa. Bari in ɗauko tabarma."

"Tsaya, matar Yaya." Muryarsa ta canza. "Na nemi hannun Baba ban gan shi ba. Na tona ban kai gare shi ba." Ya dafa tsanin. "Ni ake zurawa cikin rumbun nan a da, saboda ba ni da jiki. Baba ya taɓa ɗora hannuna a kan shatin ya ce, in an fitar da na Fulani, hatsi ya rufe wannan, gidan nan zai ci har sabo ya fito. A zamaninsa ban taɓa ganin rumbun nan ya kai baki ba, kuma ban taɓa kwana da yunwa ba. Saniyar Yaya ce ta koya mana cikawa har baki." Ya juya ga yayansa. "Ai kai ma ka sani."

"Na sani," in ji Ilisha. "Ban so in roƙe ka da sunan Baba ba ne."

Na zauna a ƙasa inda nake tsaye. Shekara guda ina faɗa da rana da ƙasa da miji ban ji gajiya ba sai a lokacin.

Simeon ya cire takalmansa na makaranta ya ajiye a gindin rumbu. Ya naɗe hularsa ya yi gammo, ya sunkuya, Ilisha ya ɗora masa dami ɗaya a ka.

"Ina rugar take yanzu?"

"Ƙetaren rafi. Ta burtali za mu bi."

Ilisha ya ɗauki nasa ya shige gaba. Suna fita ƙofa wayar Simeon ta fara ƙara a aljihu, ta yanke, ta sake farawa. Na san Alhaji Auwal ne, shi ma ya sani, amma hannuwansa biyu suna riƙe da dami. Na tashi na ɗaura ɗamara, na ɗauki na uku na bi su.